Jirgin da Uzair Ya Ƙera

Tudun Giginya,
farkon Muharram.

Zuwa ga ƙanwata Hajiya Maryama, Ka'akiyya, Makka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kun sauke aikin Hajji lafiya, ke da yara da surukarki Lujain. Mu nan lafiya muke, in ban da gwiwata da ba ta shiri da damina. Ba mu da sabis a garin nan, don haka Zali mai kifi zan ba takardar nan ranar kasuwa, in ya isa Nguru ya ɗauki hotonta ya turo muku a waya. Amsarki ma ta hannunsa za ta zo.

Ɗanki Rakan yana nan ƙalau. An ce masa fasfon da ya zo sabuntawa sai ya jira, shi ne na ce zaman Kano na me, ya zo ya ga garin kakansa. Ya saba da tuwon shinkafa da miyar kifi. Hausa ce dai har yanzu take ba shi wuya. In kalma ta ɓace masa sai ya cike da Larabci, tsofaffinmu kuwa su shafa su ce amin.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ruwa ya fara zagaye mu, nan gaba kaɗan hanyar mota za ta nutse sai kaka. Bara war haka 'yata Nasiha ta rasu a kan naƙuda, ana tura ta a kwale-kwale cikin ciyawar kacala, ba a kai ko rabin hanyar asibiti ba. Ƙanena Uzair shi ya riƙe ta tun daga yaye. Tun ranar da aka binne ta ya shige rumfarsa ta walda yana ƙera jirgi, ɗan ƙarami mai ɗaukar mutum biyu, da injin wata tsohuwar mota. Ya ce zai kai mutum Nguru kafin tukunya ta tafasa. Mun ɗauka baƙin ciki ne yake sa shi sambatu, sai da Rakan ya zo ya kwance injin ya mayar, muka ji ya tashi da ƙara irin wadda ba mu taɓa ji ba.

Yanzu Uzair yana so Rakan ya fara tuƙa shi, domin shi walda ta cinye masa idon hagu. Rakan bai ƙi ba. Ni na ce ba zai shiga ba sai da yardar mahaifiyarsa. Ina sauraronki.

Yayanki,
Awwal.

Ka'akiyya, Makka,
tsakiyar Muharram.

Yaya Awwal, wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, mun ji daɗi. Muna lafiya. Bana ma girki na yi wa alhazai a Arfa, zafin ya kumbura mini ƙafafu amma sun fara saɓewa. Lujain cikinta ya fito, tana gaishe ka. Ka shafa wa gwiwar man zaitun da ɗumi.

Ka san a nan aka haife ni, Larabci aka koya mini, Hausar takarda ban iya ba. Maƙwabciyata Minnatullah, 'yar Kano ce mai karatu a jami'a, ita ta karanta mini taka, ita kuma take rubuta wannan ina faɗa mata.

Allah ya jiƙan Nasiha, ya sa ta yi shahada. Na yi mata ɗawafi ranar Juma'a.

Maganar jirgi na yarda, Allah ya ba su lada. Rakan ya iya iyo sosai, tun yana ƙarami marigayi babansa yake kai shi teku a Jidda. Kada dai a cika kaya, kada kuma ya fita in hadari ya haɗo. Mutum biyu ya yi mini kaɗan, ina mai jinya za ta zauna? Amma ku kuka san ruwanku.

Ƙanwarka,
Maryama.

Ka'akiyya, Makka.

Yaya Awwal, gaisuwa. Kowa lafiya, ni ce ba lafiya ba.

Jiya Rakan ya shiga Nguru ya turo wa matarsa bidiyo. Ta shigo mini da wayar. Na duba na ga abu da fukafukai da farfela, a kan tayoyin babur. Na ce ina jirgin? Ta ce, "Ummi, shi ne wannan. Ɗayyara ce, ta sama." Na buga masa waya nan take, ashe har ya koma ƙauye.

Yaya, ka ce ruwa, ka ce kwale-kwale, ka ce jirgi. Baba, Allah ya jiƙansa, duk sanda ya ce jirgi yana ba mu labarin garinku, na ruwa yake nufi. Ta ina zan san mutum zai zauna a rumfar walda ya ƙera abin da zai tashi sama? Minnatullah ta sake karanta mini takardarka tun daga sallama, ba inda ka ce sama.

Rakan ba matuƙi ba ne. Filin da ya yi aiki a bayan Jidda na masu ƙananan jiragen shaƙatawa ne, shi inji yake gyara musu. Wani lokaci su ɗauke shi su zaga, su ba shi ya riƙe sandar tuƙi. Ni ma na sha zama kusa da direban bas daga Arfa zuwa Muzdalifa, ban zama direba ba.

Na janye yardata. Ban yarda ya shiga ba, ko a ƙasa. Allah ya sa wannan ta riga waccan zuwa.

Maryama.

Tudun Giginya,
farkon Safar.

Ƙanwata Hajiya Maryama, assalamu alaikum. Ina fatan ƙafafun sun saki. Mu muna lafiya, Rakan ya yi ɗan zazzaɓi ya warke. Ruwa ya rufe hanya.

Laifina ne, ki yafe ni. Mu nan mun daɗe muna kallon abin, har na manta wanda bai gan shi ba sai an ce masa na sama ne. Da kika ce Rakan ya iya iyo, na ɗauka kin hango faɗowa cikin ruwa ne kika dake, har na ce wa Uzair dubi zuciyar mutanen Makka. Na karanta takardar a ƙofar masallaci, aka yi ta sa miki albarka.

Ta biyun ba ta riga ba. Zali ya kwanta rashin lafiya, kasuwa biyu bai je ba. Kafin ta iso Rakan ya riga ya hau. An share filin makaranta aka haɗa shi da gonar Uzair, ya yi ta gudu da shi a ƙasa, rannan kuma ya ɗaga shi tsayin mutum, ya mayar. Iyakar abin da aka yi ke nan. Tun da na karanta masa maganarki bai sake taɓa kujerar ba.

Na zaunar da su biyun na yi musu tambaya kamar yadda nake yi wa 'yan aji sanda ina koyarwa. Rakan bai ɓoye komai ba. Ya ce fetur ɗin da muke samu na 'yan bumburutu ne, wani sa'in da kananzir a ciki, mota in ta shaƙe sai ta tsaya a gefen hanya, sama kuwa ba ta da gefe. Ya ce tsuntsayen jan-baki da suke taso wa shinkafarmu kamar hayaƙi, in garkensu ya shiga farfela shi ke nan. Ya ce wanda ya faɗa cikin kacala, ko da ransa, sai a wuni ana nemansa ba a gan shi ba, in an same shi kuma kwale-kwalen da ake gudu shi za a koma wa. Ni kuma na ƙara da nawa. Ba mu da takardar hukuma, sojojin da ke hanya in sun ga abu yana shawagi ba su san na wane ne ba, ban san me za su yi ba. A Nguru ma ba a tanadi inda zai sauka ba, sai wani fako bayan gari da shanu suke bi.

Uzair ya saurara har aka gama, sannan ya ce, "Yaya, kwale-kwale ma yana kifewa. Wadda ta mutu a hanya ba a ce hatsari ya kashe ta, don a hankali ta mutu. In na faɗo sau ɗaya kowa zai ji. Su kuwa duk damina suna tafiya ba wanda yake ji."

In na saurari Rakan sai in ce a kwance abin a sayar da ƙarfen. In na saurari Uzair sai in ga Nasiha. Abin da ya fi ɗaure mini kai, Rakan da ya jero haɗurran nan shi ne kuma yake cewa gara shi ya tashi. Ya ce in bai tashi ba kawunsa zai tashi da ido ɗaya, bai taɓa ganin ƙasa daga sama ba, bai san yadda take rugowa ba in an zo sauka.

Ban rubuto don ki canza magana ba. Ko kuwa don haka na rubuto, ni kaina ban sani ba. Ɗanki ne, ki faɗa mana.

Yayanki,
Awwal.

Ka'akiyya, Makka,
tsakiyar Safar.

Yaya Awwal, wa alaikumus salam. Ƙafa ta yi sauƙi. Lujain lafiya, sai dai kullum tana ninke kayan mijinta tana warwarewa. Ku ba Rakan maganin sauro.

Tun da takardarka ta zo ban zauna ba. Na je wajen Taha maƙwabcinmu, yana aiki a filin jirgin Jidda. Na nuna masa bidiyon ya dafe kai, ya ce la haula, manyan jiragen ma da injiniyoyi suke dubawa kullum ana yi musu addu'a, balle wannan. Na fito na ce na gama, maganata tana nan. A bakin Harami kuma na haɗu da wani dattijo ɗan Nijar da ya zo Umara, ya ce a garinsu cikin hamada ƙaramin jirgin likitoci ne ya ɗauki uwarsa, ba don shi ba da a kan raƙumi za ta cika. Na ce ai wancan kamfani ya ƙera shi. Ya ce haka ne, amma wa zai kawo muku na kamfani?

Minnatullah ta kai ni wajen malaminsu. Ya ce Allah ya hana mutum ya jefa kansa ga halaka, ya kuma ce ceton rai ɗaya kamar ceton mutane ne duka. Na ce ya Shaikh, to wanne zan ɗauka? Ya ce wanda ya rinjaya a zatona. Na ce ai zaton ne ba ni da shi. Ni mai girki ce, ban san fukafuki ba, ban san ruwanku ba, Uzair ɗin ma ban taɓa ganinsa ba.

In na ce a'a Uzair ya tashi ya faɗo, da wane ido zan dube ku? In na ce i, da wane ido zan dubi Lujain? Na yi istihara ban ga komai ba sai tukwanen Arfa.

Halas, shi ke nan Yaya, ni na cire hannuna.

Maryama.

Ka'akiyya, Makka,
Rabi'ul Awwal.

Yaya Awwal, ina gaisuwa. Lafiya kuwa? Watan Safar ya ƙare, wannan ma ya raba, ba takarda ba waya. Wayar Zali a kashe. Minnatullah ta tambayi 'yan'uwanta a Kano, sun ce ruwa ya yi yawa a wajenku bana, ba su san komai bayan haka ba. Na je ofishin wani mai kawo 'yan Umara, bai ma taɓa jin sunan garinku ba.

Kome ya faru ka faɗa mini kai tsaye. Kada ka bi da ni ta gaisuwa.

Maryama.

Nguru,
ƙarshen Rabi'ul Awwal.

Ƙanwata Maryama, Rakan yana raye, lafiyarsa ƙalau, ko ƙwarzane babu. Na fara da wannan yadda kika ce. Yanzu assalamu alaikum. Daga barandar asibiti nake rubutu. Uzair ne a kwance.

Maganarki ta ƙarshe ta raba mu gida uku. Ni na karanta "na cire hannuna" na ce kin bar mini hukuncin, ni kuwa ba ni da shi. Uzair ya ce hannun da kika tare ƙofa da shi kika cire, wato kin yarda. Rakan ya sa na maimaita masa, ya juya ta Larabci a bakinsa, sai na ga fuskarsa ta canza. Ya ce, "Kawu, Ummi ta yi fushi. Ta cire hannunta daga kaina." Ya ce ba zai tashi da fushin uwa ba ko garin zai nutse. Da ma kuma ya gano ƙarfen da ya riƙe fukafukin dama ya fara lanƙwasa, ya ce sai an samo wani daga Kano bayan ruwa. Uzair ya ce tsoro ne ya sa masa rigar gyara. Samarin gari suka ɗauka, in Rakan ya wuce su ce ga Balaraben ƙasa. Ya daina zuwa dandali. Ruwa kuma ya kayar da turken sabis na wajen Nguru, ban sami yadda zan tambaye ki me kike nufi ba.

Rannan da hantsi kububuwa ta sari Shaima'u matar Zali a gonar shinkafa. Aka sa ta a kwale-kwale mai inji, shi kaɗai gare mu, Zali ya tafi da ita. Kowa ya san kacala ta toshe hanya, sai dai a kwana ana sara. Uzair ya ce zai je ya karɓo allurar maciji ya jefa musu tun suna hanya. Na riƙe masa riga, ya ce, "Yaya, sake ni, bara ma na ji maganarka, muka rasa Nasiha." Na sake shi.

Rakan ya tsaya gaban farfela ya ce ba zai tayar masa ba. Uzair ya ce to zai tayar da kansa ya zagayo ya hau. Da Rakan ya ga da gaske yake, sai ya tace masa fetur da kyalle, ya ɗaure shi a kujera, ya yi ta nanata masa kada ya juya dama da ƙarfi, yana faɗa da Hausa yana faɗa da Larabci. Uzair ya miƙa masa wayarsa ya ce ya ɗaure ta a jikin ƙarfe tana ɗauka. Sannan Rakan ya juya farfela.

Ya tashi, Maryama. Ya wuce kan giginyu, ya zaga garin sau ɗaya, mata suka fito suna guɗa, ni ma na samu kaina ina ɗaga hula. Ya miƙa yamma har ya zama kamar shirwa. Daga nan muka ga ya karkata, ƙarar ta ɗauke.

Duk abin da Rakan ya faɗa a kan nema haka ya zama. Mun bazu da ƙananan kwale-kwale na sanda, sai bayan la'asar Rakan ya hango jelar jirgin a cikin kacala. Ya faɗa ruwa ya janyo Uzair. Cinya ta karye, baya ya bugu. Mai inji kuma ya tafi da Shaima'u, sai washegari ya dawo, a kan ƙyauren ƙofa Uzair ya kwana yana cije rawani. Likita ya ce rai dai ya tsira, tafiya kuwa sai abin da Allah ya yi.

Shaima'u ta iso nan da ranta, an yi mata allura, jiya aka sallame ta. Mutanen gari wasu suna cewa ka ga ashe ba a bukatar jirgin. Wasu suna cewa wata mata a Tudun Kuka, maƙwabtanmu, ta rasu a hanya a satin nan, da jirgin yana nan fa? Ba wanda ya san ko fukafukin ne ya saki, ko tsuntsu ne, ko idon. Uzair ya ce bai tuna ba.

Rakan shi yake jinyarsa, shi yake juya shi. Ba ya cin abinci sosai. Ya tambaye ni, da shi ya tashi da ya iya saukar da shi lafiya, ko kuwa da yanzu ana rubuto miki ta'aziyya? Na ce ban sani ba. Uzair kuwa tun da ya farfaɗo yake roƙon biro, yana zana sabon fukafuki a bayan kwalin magani, yana ce wa Rakan ya zauna su sake. Fasfo ya fito. Rakan ya ce ba zai iya dawowa ba sai ya ji ko kin huce, ba kuma zai iya zama ba sai ya ji abin da kika ce.

An sami wayar Uzair a ɗaure yadda aka ɗaure ta. Zali zai turo miki abin da ta ɗauka. In ba za ki iya kallo ba ki bari.

Yayanki,
Awwal.

Ka'akiyya, Makka,
farkon Rabi'us Sani.

Yaya Awwal, wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi a kan kowane hali. Muna lafiya. Lujain ta yi kuka ta yi dariya ta ci abinci, watanta ya kama. Ka gaishe mini da Uzair, ka ce 'yar'uwarsa da bai taɓa gani ba ta sha masa zamzam da niyyar ya miƙe. Na ba wani ɗan Umara mai komawa Kano ruwan da dabino, zai nemi Zali.

Ka ce wa Rakan ban yi fushi ba, ban taɓa yi ba. Da Larabci na faɗi maganar nan, Minnatullah ta mayar da ita Hausa, tun jiya take kuka tana cewa ita ta ɓata. Na ce mata ba ta ɓata komai ba. Ban ce i ba, ban ce a'a ba, gajiya na yi na ajiye kayan, ban duba kan wanda suka faɗa ba. Yanzu kuskuren fahimta ne ya tsare mini ɗa, shi ne kuma ya ɗora ƙaninka a kujerar. Ban san ko godiya zan yi ko istigfari ba, ina yin duka biyun.

Ga magana wadda ba ta da fuska biyu, Minnatullah ta karanta mini ita na ji. Rakan ya dawo gida yanzu, matarsa za ta haihu. Maganar jirgi na biyu, in yana da ita, ya zo ya zauna a gabana da gaban Lujain ya faɗa da bakinsa. Ba zan ƙara yanke ran mutum a takarda ba.

Na kalli bidiyon. Na ce ba zan kalla ba, na kalla, na kan tsayar da shi kafin ya karkata. Yaya, ban taɓa ganin garin Baba ba sai a nan. Yana ce mana tudu, tudu, na ɗauka wani babban wuri ne kamar duwatsun Makka. Ashe ɗan tsibiri ne kamar faranti, ruwa ta ko'ina har iyakar gani, ba hanya ko ta ƙafa. Ana jin Uzair yana dariya cikin ƙarar injin, yana kiran sunan unguwanni. Na ji kunya da na samu kaina ina murna tare da shi, alhali na san abin da ke gaba.

Akwai inda ya zaga ta kan masallaci, gidaje suka fito sosai, har da shanya a kan danga. Na tsayar da shi a nan, Minnatullah ta ɗauki hoton wurin ta haɗa da takardar nan. In ka samu sarari daga jinya, ka duba ka faɗa mini wanne ne gidanmu.

Ƙanwarka,
Maryama.